YUNWA A ƘASAR ALKAWARI

Karatu: Farawa 11:27 zuwa 13:4, Ibraniyawa 11:8-16



Kwanakin baya wani ɗan'uwa, malamin makaranta, ya tsaya bayan an tashi sujada. Ya jira sai da jama'a suka watse, kāna ya matso ya ce, "Fasto, ina da magana." Muka zauna a gindin darbejiya bayan ɗakin sujada. Ya ce shekara 2 ke nan da aka nemi wanda zai je ya koyar a makarantar ekklesiya ta wani ƙauye mai nisa. Ya yi addu'a, ya yi shawara da matarsa da dattawa, ya ajiye aikinsa mai albashi a gari, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Tun daga ran nan bai ga daidai ba. Albashi ba ya zuwa a kan kari, matarsa ta yi ɓari, yaran da aka ce za su cika makaranta iyayensu sun fi so su tura su kiwo. Ya dube ni ya ce, "Fasto, ko dai ba muryar Allah na ji ba? Da shi ne ya kira ni, ai da ya gyara mini wurin."

Ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Mai bishara da aka aika daji yana yinta. Yarinyar da ta bi mijinta zuwa garin da ba ta san kowa ba tana yinta. Wanda ya karɓi Yesu, danginsa suka fitar masa da kayansa waje, shi ma ya kan yi ta da dare sa'anda barci ya ƙi zuwa. Domin wannan ina so mu bi sawun Ibrahim, mu ga abin da ya tarar sa'anda ya yi biyayya. A lokacin nan sunansa Abram ne, matarsa kuwa Saraya, amma za mu kira su da sunayen da muka saba.

Mu fara da abin da ya bari. Mutane da yawa suna tsammani Ibrahim makiyayi ne tun asali, wanda tashi ba ya yi masa wuya. Ba haka ba ne. Mutumin birni ne. Kufan Ur yana nan a kudancin ƙasar Iraƙi, kuma wani Bature mai binciken kufai, Leonard Woolley, ya yi ta tono a wurin daga 1922 har 1934. Ya iske gidaje na tubali masu tsakar gida da ɗakuna kewaye, da allunan yumɓu da aka rubuta lissafin ciniki a kansu, da wata babbar hasumiya da aka gina domin bautar wata. Littafin Joshuwa 24:2 ya gaya mana Tera, uban Ibrahim, ya bauta wa waɗansu alloli. Daga cikin irin wannan birni, da irin wannan gida, Allah ya kira mutum ɗaya. Istifanas ya shaida a Ayyukan Manzanni 7 cewa kiran ya zo masa tun yana can, kafin ya zauna a Haran.

Suka tashi da niyyar zuwa Kan'ana, Tera ne a gaba. Suka bi kogi suka yi arewa, tafiyar wajen mil 600, har suka kai Haran, wadda ta ke cikin ƙasar Turkiyya a yau. Haran zangon fatake ce, hanyoyi sun gamu a wurin, akwai ruwa da kasuwa, kuma su ma wata su ke bauta wa kamar mutanen Ur. Tera ya sauke kaya. Zango ya zama gida. A nan ya mutu, bai taɓa ganin Kan'ana ba.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akwai masu bi da yawa da ke zaune a Haran. Sun tashi da gaske, sun yi nisa, ba wanda zai ce ba su bar kome ba. Amma sun sami wurin da ya yi kama da gida, suka ce wannan ma ya isa. Na san waɗanda suka tsaya a gaban jama'a a taron sabon rai suka ba da kansu domin aikin bishara, yau shekara 15, har yanzu suna cewa sai sun gama ginin gida, sai yara sun gama makaranta. Ban ce kula da iyali laifi ne ba. Amma kowa ya san zuciyarsa, ya san ko jira ya ke yi ko kuwa ya sauke kaya ne.

Sa'anda Allah ya yi magana da Ibrahim, ya ambaci abu uku da zai bari: ƙasarsa, da danginsa, da gidan ubansa. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa nauyin wannan. Mu da muka tashi a gandu mun sani mutum ba shi da gona sai ta gidan ubansa, ba shi da mai tsaya masa a gaban alƙali sai danginsa, ba shi da mai binne shi sai su. Mu kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wurin da zai tafi kuwa, Allah bai faɗi sunansa ba, sai dai ya ce zai nuna masa. Mai rubuta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya tabbatar mana Ibrahim ya fita bai san inda za shi ba. Shekararsa 75. Saratu kuma tana da 65, ba ta taɓa haihuwa ba. Ku tuna da ita. Ba a rubuta cewa ta ji murya ba, amma ita ce ta naɗe tabarmi, ta bar murhunta da maƙwabtanta, ta bi. Matan masu bishara da yawa suna cikin sawunta, kuma ba safai a ke ambatonsu a taro ba.

Kafin mu ci gaba, dole in faɗi wani abu, domin kada wani saurayi ya karanta wannan ya ɗaure kayansa gobe. Ba kowane ƙaiƙayin ƙafa ne kiran Allah ba. Lutu ma ya tashi, amma idonsa ya bi. Ya ga kwarin Urdun kore shar, ya zaɓa, ƙarshensa kogon dutse. Wani ya yi faɗa da dattawa, sai ya ce Ubangiji ya kira shi ya buɗe tasa ekklesiya. Wani bashi ya yi masa yawa, sai ya ce an kira shi zuwa wani gari. Kiran Allah ba ya saɓa wa Maganar Allah, ba ya sa mutum ya yar da matarsa ko ya gudu da kuɗin mutane. Ba ya kuma tsoron a auna shi. Bulus ya ga haske a hanyar Dimashƙu, duk da haka bai fita tafiyarsa ta fari ba sai da ekklesiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya musu hannu shi da Barnaba, ta sallame su. Kadan kana jin kira amma kana ɓoye shi ga masu tsoron Allah da suka san halinka, ka tambayi kanka dalili.

To, Ibrahim ya auna, ya tashi, ya yi tafiyar wajen mil 400 daga Haran, ya iso Shekem. Me ya tarar? Ƙasar da aka yi masa alkawari tana da masu ita. Kan'aniyawa suna zaune a ciki, da garuruwansu da rijiyoyinsu. Allah ya bayyana gare shi ya ce zuriyarsa zai ba ƙasar, shi kuwa ba shi da ɗa ko ɗaya. Ya gina bagadi a wurin. Ya matsa zuwa tudu tsakanin Betel da Ai, ya kafa alfarwa, ya gina wani bagadi, ya kira bisa sunan Ubangiji. Ya yi ta matsawa kudu. Sa'an nan aya ta 10 ta sura 12 ta faɗo mana kamar aradu: aka yi yunwa a ƙasar, yunwa mai tsanani.

Mai karatu, ka tsaya a nan kaɗan. Ba mu karanta cewa ya ji yunwa a Ur ba. A Haran dukiya ya tara, da bayi da dabbobi. Sai da ya yi biyayya sarai, ya sa ƙafarsa daidai inda Allah ya nuna, sa'an nan sama ta kulle. Ka yi tunanin abin da makiyayansa su ke faɗi da dare a bakin wuta sa'anda tumaki suka fara faɗuwa. Ka yi tunanin idon Saratu. Ba laifin da ya yi wanda ya jawo yunwan nan. Ba kuskuren hanya ya yi ba. Yana tsakiyar nufin Allah, rumbu kuwa wayam.

Wannan ita ce amsar da na fara ba malamin nan. Wahalar da ta same ka bayan ka yi biyayya ba shaida ba ce cewa ka ji ba daidai ba. Mun saba auna kira da sauƙi: in ƙofa ta buɗe, abinci ya samu, mu ce Allah ne, in abu ya yi tsauri, mu ce ba shi ba ne. Akwai masu wa'azi a zamanin nan da su ke koya wa mutane haka, suna cewa wanda Allah ya kira ba ya rasa kome. Littafi Mai Tsarki bai san wannan mudu ba. Yunana ya sami jirgi yana jiransa, da kuɗin shiga a hannunsa, alhali gudu ya ke yi daga Ubangiji. Bulus kuwa Ruhu ya hana shi Asiya, ya hana shi Bitiniya, ya kai shi Taruwasa, ya nuna masa mutumin Makidoniya cikin wahayi yana roƙon taimako. Da ƙyar a sami kira da ya fi wannan fitowa fili. Ya haye teku ya shiga Filibi. Bai daɗe ba aka tuɓe su shi da Sila, aka yi musu dūka da sanduna, aka sa ƙafafunsu a turu can cikin kurkuku.

Ba sai mun je nesa ba. A watan Disamba na 1893 samari 3 suka sauka Ikko, watau Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Nufinsu su kawo bishara cikin ƙasar nan tamu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ba shi da ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga amfanin tafiyar. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 ƙungiyar da ya aiko ta sami wurin zama a Patigi. Da an tambayi masu hankali a 1895, da sun ce samarin nan zafin kai ne ya kwashe su. Amma daga wannan aiki ne ekklesiyar ECWA ta fito, ta tsaya da ƙafafunta a 1954, kuma da yawa cikin masu karanta wannan takarda 'ya'yanta ne. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikinmu ba.

Yanzu mu zo wurin da Ibrahim ya faɗi, gama ya faɗi. Ya gangara Masar. Sai mu yi hankali a nan, kada mu ɗora wa mutane kayan da Allah bai ɗora musu ba. Neman abinci ba zunubi ba ne, zuwa Masar kuma ba kullum ne laifi ba. Allah ya hana Ishaku zuwa can a lokacin wata yunwa, amma ya ce wa Yakubu kada ya ji tsoron zuwa, kuma mala'ika ne ya umarci Yusufu ya gudu can da Yesu yana jariri. Magidancin da ya tafi cin rani domin 'ya'yansa su ci bai yi tawaye ba. 'Yan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna kwana a makarantu da gidajen dangi, kada kowa ya ce musu rashin bangaskiya ne ya fitar da su. Ubangiji da kansa ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani, kuma waɗanda aka warwatsa daga Urushalima bayan mutuwar Istifanas su ne suka kai bishara Samariya da Antakiya. Wani lokaci Allah ya kan kira mutum da murya, wani lokaci kuwa ya farka ne kawai ya ga an tumɓuke shi, kamar gwauruwa da mijinta ya rasu, ko ma'aikacin da aka sallama. Su ma yana tare da su a hanya.

Laifin Ibrahim shi ne bai tambaya ba. Daga Haran zuwa Betel, kowane mataki da maganar Allah ko bagadi. A tafiyar Masar ba mu karanta ko ɗaya ba. Tsoro ne ya ja gaba, tsoro kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Da suka yi kusa da iyaka sai ya ce wa Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce, domin kada a kashe shi saboda kyaunta. Rabin gaskiya ne, gama ubansu ɗaya, uwa dabam. Aka ɗauke ta zuwa gidan Fir'auna. Ibrahim ya sami tumaki da shanu da jakuna da raƙuma, ya zauna cikinsu, matar da alkawari ya rataya a kanta tana gidan wani. Mutumin da aka ce zai zama albarka ga dukan kabilan duniya, abin da ya fara kai wa Masar annoba ce. A ƙarshe sarkin da bai san Allah ba shi ne ya kira annabin Allah ya tsauta masa saboda ƙarya, ya sa aka raka shi waje. Kaito!

Ina jin nauyin wannan labari domin na taɓa zuwa Masar. Bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki na yi ɗan lokaci ina taimakon wani babban fasto a gari, inda akwai lantarki da famfo. Sai majalisa ta aike ni wani ƙauye. Masu bi ba su cika benci uku ba, ɗakin sujada na kara ne, abincinmu kuwa daga damin da su ke kawowa da kaka. Na tafi da murna, na tabbata Ubangiji ne. A shekarar fari ruwa ya ɗauke sa'anda gero ya fara fid da kai. Waɗanda za su ciyad da mu su kansu ba su da shi. Matata tana goyo. Sai na ji labarin wani aiki a birni, mai albashi kowane wata. Ban durƙusa na tambayi Ubangiji ba, domin ina tsoron amsar da zai ba ni. Na ce wa dattawa zan je duba kawuna da ba shi da lafiya. Da gaske kuwa ba shi da lafiya, tari ne ke damunsa. Da na ke ɗaura jaka matata ta ce, "Malam, kawu za ka gani, ko Masar za mu?" Na yi kamar ban ji ba.

A ofishin aka kai ni gaban wani dattijo, ba mai bi ba ne. Ya duba takarduna ya ce, "Ka ce kai malamin ekklesiya ne. Sun sallame ka?" Na ce i. Ya ce, "Ina takardar sallama?" Na fara kame-kame. Ya tuɓe tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka ke gaya wa mutane su faɗi gaskiya? In ka bar waɗancan a ɓoye, mu ma wata rana haka za ka bar mu." Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na fito ban san inda na sa ƙafa ba. Kwana 9 na yi a birni ina jin kunyar komawa. Da na koma na tarar wani tsoho daga cikin masu bi na fari a ƙauyen ya rasu, an binne shi. Sun ce ya yi ta tambaya ina Malam, ya zo ya karanta masa Zabura.

Abin da ya hana ni fid da zuciya shi ne farkon sura 13. Ibrahim ya fito Masar, ya bi zangonsa ɗaya ɗaya, har ya komo wurin nan tsakanin Betel da Ai inda alfarwarsa ta ke da fari, wurin bagadin da ya gina. A can ya sake kira bisa sunan Ubangiji. Bai ce tun da na ɓata, bari in koma Haran ba. Bai kuma nemi sabon wuri inda ba a san abin da ya yi ba. Ya koma daidai inda ya bar hanya. Allah kuwa bai karɓe kiran ya ba wani ba. Cikin surar nan kanta ya sake yi masa alkawarin, har ya ƙara, ya ce ya duba gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda ya kira shi ya san halinsa tun yana Ur.

Ran Lahadi na tsaya a gaban 'yan mutanen nan na faɗi abin da na yi, ban rage kome ba. Aka yi shiru. Sai babban dattijo ya ce, "Malam, ai mun sani. Direban da ya ɗauke ka ya gaya mana inda ka sauka. Mun yi shiru ne mu ga ko za ka komo." Da yamma matansu suka zo, kowace da ɗan abin da ta samu a ƙwarya, wata dawa, wata kuka, wata gyaɗa. Ba a yi wata al'ajibi ba. Mun ci sau ɗaya a yini har ruwa ya sauka. Shekara 7 muka yi a wurin, kuma abin da na sani na aikin kiwon tumakin Kristi a can na koye shi.

Sai dai kada mu ce Masar ba ta bar tabo ba. Tsohon nan ya tafi ban karanta masa Zabura ba, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Ibrahim ya fito da dukiya mai yawa, dukiyar kuwa ita ta haddasa faɗa tsakanin makiyayansa da na Lutu har suka rabu. Akwai kuma wata baiwa Bamasariya a gidansa, sunanta Hajaratu. Da suka shekara 10 a Kan'ana ba haihuwa, Saratu ta gaji da jira ta ba shi ita. Aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86, gida ya cika da kishi da kuka. Daga nan Littafi bai ambaci wata magana daga Allah ba sai da ya kai 99. Ishaku ya zo yana da 100, watau shekara 25 bayan fitowarsa daga Haran. Wanda ya yi shekara 2 a wurin aiki yana cewa bai ga amfani ba, sai ya lissafta wannan.

Ƙasar fa? Ibrahim ya rayu shekara 175, watau shekara 100 yana zaman alfarwa. Abin da ya mallaka a Kan'ana da sunansa shi ne saura guda da kogon Makfela, wanda ya saya a hannun Efron Bahitte a bakin shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu. Ku lura, bai ɗauki gawarta ya kai Haran wurin dangi ba, kamar yadda mu kan yi mu kai namu gida. Da ya aiki baransa ya nemo wa Ishaku mata, ya gargaɗe shi sau biyu kada ya kuskura ya mai da yaron can. Ibraniyawa 11 ta ce da ƙasar da suka fito su ke tunani, da sun sami zarafin komawa, amma wata su ke bege wadda ta fi, ta sama, birnin da Allah ne mai gininsa. Ubangijinmu Yesu, wanda ya fito daga zuriyar nan, shi ma ya bar ɗaukakar Ubansa, bai sami wurin sa kansa ba, biyayyarsa kuma ta kai shi Gatsemani da gicciye kafin ta kai shi tashi daga matattu. Kadan hanyar Ɗan ta bi ta nan, kada bawa ya yi mamaki in tasa ta bi ta wurin yunwa.

Akwai sauran magana ɗaya, ita kuwa ba ta masu tafiya ba ce, ta masu aikowa ce. Yunwar da ta sami Ibrahim daga sama ta zo, ba mai laifi. Amma yunwar da ke samun masu bishara da malaman makarantunmu, da yawa daga hannunmu ta ke fitowa. Mu kan ɗibiya musu hannu, mu raira waƙa, mu raka su tasha, sa'an nan mu manta. In sun yi kuka mu ce su yi haƙuri, gwaji ne. Wannan ba ibada ba ce. Ekklesiyar Filibi, ko da shi ke matalauta ne, sun aika wa Bulus gudummawa ba sau ɗaya ba, har suka tura mutum ya same shi a kurkuku. Bulus kuma ya faɗa a fili cikin 1 Korintiyawa 9 cewa Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara. Wanda ya tura ɗan'uwansa daji ya hana shi abinci, shi ne ya nuna masa hanyar Masar, kuma za a tambaye shi.

Duk wannan na faɗa wa malamin nan a gindin darbejiya, har labarin kawuna ban ɓoye masa ba. Na tambaye shi ko akwai wata sabuwar magana da Ubangiji ya yi masa wadda ta soke ta fari. Ya yi shiru, ya ce babu, gajiya ce da tsoro. Na ce to, kada ya yanke shawara shi kaɗai da dare. Ya kawo matarsa gari ta ga likita ta huta wata guda a wurin iyayenta, ya kuma zo ya faɗi damuwarsa a gaban dattawa da bakinsa. In bayan addu'a ekklesiya ta ga ya kamata a sauya masa wuri, sai ya fita ta ƙofa da rana, da takarda a hannunsa. Muka durƙusa a wurin muka yi addu'a.

Ya zo gaban dattawa ran Asabar, aka ji kunya ƙwarai da aka buɗe littafin kuɗi aka ga albashin wata 7 ya ke bi. Ran Litinin da sassafe ya hau motar kasuwa ya koma ƙauyen, da buhun masara 2 da kuɗin wata 3. Saura wata 4 suna kanmu, kuma an sa maganar a kan gaba cikin abin da majalisa za ta duba a zamanta mai zuwa.